Hannun Petronila a Tukunyar Chamal

A ƙauyenmu, can bisa duwatsun da ke kallon kogin Santa María, in aka miƙo maka tamal ɗin chamal, wato ƙullin da ake dafawa a ganye daga 'ya'yan wani tsiron dutse mai dafi, ba ka tambayar ko akwai nama a ciki. Tambaya ɗaya ce: hannun wa? In aka ce hannun Doña Petronila ne, sai ka kwance ganyen ka ci, ka ɓantara wa ɗanka ma. In aka ambaci sunan wata, to, sai ka riƙe abinka kana 'yan hirarraki har ka ga mai miƙowar ya kai nasa baki. Wannan suna shi ne duk abin da Petronila Montero ta mallaka. Ba saniya, ba gonar kirki, miji ya daɗe a ƙasa, ɗanta Hilario kuwa yana can gangare wajen masu yankan rake, sai ya ga dama yake leƙo ta. Hannun nan kaɗai gare ta, shi kuma ta ga ana shirin ƙwace mata a shekarar da tsufa ya kama ta sosai.

Mace ce 'yar firit, busasshiya, mai tafiya tana waige. Ko inuwarta ba ta yarda da ita ba. In ka gaishe ta da fara'a, sai ta ce me kake nema a wurinta. In ka wuce ba gaisuwa, sai ta ce ai dama ta san akwai abin da kake ɓoyewa. Kazarta ta yi fashin ƙwai, maƙwabta ne. Ruwan sama ya tsallake gonarta ya sauka a ta wani, wannan ma ba ta ɗauke shi banza ba. Mutane suna mata dariya a bayan ido, amma ba wanda ya taɓa yin dariyar a bakin tukunya, don wannan mugun zaton nata shi ke sa a ci abincinta a kwana lafiya.

Ba da shi aka haife ta ba. Tana yarinya aka yi wata shekarar yunwa, masara ta bushe a tsaye tun ba ta yi goyo ba, garin duk ya watsu cikin duwatsu neman chamal. Wata ƙanwar babanta, mace mai kirki da ba ta iya ganin yaro yana kuka, ta kawo musu tamal da zafinsa. Aka fara ba Lino, ƙanen Petronila, don shi ne ƙarami. Kafin rana ta faɗi yaron yana amai, yana cewa ɗakin na juyawa, idonsa ya koma rawaya. Bai tashi ba. Ba mugunta goggon ta yi ba, kukan yara ne ya sa ta sauke tukunya da wuri. Bayan an binne shi uwar Petronila ta zaunar da 'yarta ta ce, "Chamal ba ya ƙin kowa, gaggawa yake ƙi." Yarinyar ta ɗauki darasin, ta kuma ƙara da nata: mai sonka ma yana iya kashe ka yana murmushi. Tun ranar ba ta sake kai chamal na hannun wani bakinta ba.

Ko ranar aurenta ba ta ci ba. Uwar Isidro, angon, ta kwana tana dafawa, ta jera a gabanta, amarya ta ce haƙorinta ke ciwo. Suruka ta riƙe wannan a zuciya har ta koma ga Allah. Shi Isidro mutum ne mai sanyi, ya zauna da ita shekaru tana binciken aljihunsa tana shinshina rigarsa, bai taɓa ɗaga murya ba. Ran da ya mutu ta yi kukan da ba a san tana da shi ba, tana kukan tana cewa da gangan ya yi, don ya ga lokacin sharar gona ya zo.

Shi kansa chamal ɗin ba abin yarda ba ne a wajenta, a nan kuwa tana da gaskiya. Ka gan shi tsaye a tsagin dutse inda ko ciyawa ta ƙi, ganyensa masu tauri sun baje, kowanne da tsini, sai ka ce ɗan dabino ne, alhali ba dangin iya ba na baba. Waɗanda ke gangaren bayan gidanta, kakarta ta same su iya gwiwa, ita ma ga ta ta tsufa ba su kai mata ƙugu ba. Wani sai ya zubar da ganye ya zauna kututture shekara da shekaru, ka ce ya mutu, ran da wutar daji ta bi ta kansa ko ruwan farko ya sauka sai ga sabon toho. Ba ka kuma sanin namiji ne ko mace sai ran da ya ga dama ya nuna, wani har mai jiran ya mutu bai gani ba. Namijin yakan fito da wani siririn kai dogo, ya yi ta zubar da gari rawaya, 'yan ƙananan ƙwari su yi birgima a ciki su tashi su nufi macen, sannan kan ya langaɓe ya ruɓe.

"Shi ke nan ya gama aiki," in ji Petronila. "Sak mazan garin nan."

Macen ce mai wahala. Takan ɗauki wani ƙaton kai a tsakiyar ganye, lulluɓe da gashi toka-toka kamar na tunkiya, ta zauna da shi fiye da shekara kafin ya saki jiki ya buɗe. In ta sauke kuwa sai ta huta shekaru, ba mai sa ta. Petronila ta san kowace mace a gangaren nan da halinta: ga mai 'ya'ya masu kauri, ga mai yaudara da babban kai rabinsa fanko, ga wadda kurege ke riga kowa zuwa. In kai ya kusa nuna sai ta kewaye shi da ƙaya, ta jera 'yan tsakuwa a wani tsari da ita kaɗai ta sani, don in an taɓa ta gane.

A kan gangaren nan ta yi babbar rigimarta da Don Abundio mai shanu. Sabon tohon chamal laushi gare shi, shanu na son sa, in kuwa suka ci ƙafafun baya ke mutuwa, saniya ta riƙa jan ƙugu har ta faɗa rami. Shi ya sa Abundio ya sa aka bi nasa ɓangaren da adda aka sare kaf. Da ya iso kan iyaka ya tarar da ita zaune bisa dutse, tata addar a cinya.

"Doña, abin nan ya ƙarar min da shanu."

"Shi ya bi su har gida, ko su suka hawo?"

"Ai ba shi da amfani in akwai masara."

"Ran da babu masarar fa? Saniyar za ka yanka mana, kai da ko fatar ba ka kyauta?"

Ya juya da mutanensa. Tun daga ranar, duk abin da ya same ta, ko tuntuɓe ne, sai ta fara neman hannun Abundio a ciki.

Aikin chamal ba a yi masa wayo. A fasa kan, a fere 'ya'yan, a shanya, a fasa ƙwanson, a yanyanka ƙwayar, a dafa da tokar itacen encino, ba kowace toka ba. Tsawon dahuwar ba shi da ƙa'ida, don wata toka ta fi wata ƙarfi, wata ƙwaya ta fi wata kauri. Hanci ba ya jin dafin, harshe ma bai cika faɗin gaskiya ba. Ido ne alƙali. Sai ka tsamo mafi kauri ka raba biyu da wuƙa ka fito haske. In launin dahuwa ya ratsa har ciki, an tsira. In akwai 'yar farar cibiya a tsakiya, ko da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, to dafin na nan, a mai da murfi. Sauran mata su tsaga biyu ko uku su sauke. Petronila sai ta yi ta tsagawa har itace ya ƙare a murhu, sannan ta wanke, ta niƙa, ta ƙulla a ganye. Ƙullinta ma daban yake, ƙulli biyu da wutsiya a karkace, ko ido a rufe ka shafa ka san nata ne.

Mutum ɗaya ce ke iya tsokanarta ta zauna lafiya, wato Bartola, wadda ta riƙe mata Hilario ranar baftisma suka zama komadre. Bartola ƙatuwa ce, mai dariya da dukkan jikinta, gidanta yana fuskantar na Petronila, da wani kwazazzabo a bayansa. Duk shekara in bikin matattu ya zo, lokacin da ake jera wa waɗanda suka riga mu abinci da furanni a kan tebur, gida-gida kuma ana musayar tamal, Bartola kan kawo nata cike da kwando. Petronila ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta sa albarka. In ƙafa ta ɗauke sai ta zagaya baya ta zura su ɗaya bayan ɗaya cikin wani tsagin dutse. Haka take yi da na kowa. Babbar tukunyar coci kuwa, wadda masu goge da masu rawa da baƙi ke ci daga cikinta, tata ce tun tana da ƙarfinta, ba a ma tambaya.

Bara ne abubuwa suka fara yi mata wani iri. Duniya ta yi hayaƙi-hayaƙi, ta ce Abundio ne ke ƙona daji. Zare ya ƙi shiga allura, ta ce masu kanti sun koma sayar da allurai marasa ƙofa. Hawan tudu neman encino ya gagare ta, Hilario ya sa wani ya riƙa sauke mata itace a ƙofar gida, ta yi ta mitar cewa tokar ba ta kai ta da ba. Bayan bikin baran ta kwanta kwanaki da jiri da amai. Tana kwance tana bin abin da ta ci da wanda ya ba ta, har ta tsaya a kan kofin gahawar da Bartola ta miƙo mata a harabar coci. Ba ta ce uffan ba. Amma daga nan in Bartola ta ba ta gahawa, sai ta kai baki ta yi kamar ta kurɓa, ta faki ido ta tuttular a gindin benci.

Bana, ana saura 'yan makonni biki, Don Melitón, wanda aka ɗora wa hidimar coci, ya zo ya tsaya a ƙofarta yana juya hula a hannu.

"Doña Petronila, an tashi lafiya?"

"Da ban tashi ba da ka ji. Me ya kawo ka?"

"Dama mun zauna ne, muka ga hidimar da kika yi wa garin nan ta isa. Bana ki huta. Ki zo ki zauna a gaba, a kawo miki."

"Ku da wa kuka zauna?"

"Mu dai. Jama'a."

"Jama'ar ba ta da suna? Wa za ta dafa?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi kaji. "Ana tunanin Doña Bartola, da wasu."

"Af," in ji Petronila. "To, a gai da jama'a."

Ta shiga ɗaki ta zauna, zuciyarta na tafasa. Biri ya yi kama da mutum. Ga gahawar bara, ga wannan. Ta tuna ran da ta ji muryar Genaro, mijin Bartola, da ta Abundio a bakin shinge suna magana ƙasa-ƙasa, tana matsowa suka yi shiru. In aka raba ta da tukunya, wa zai ƙara jin maganarta a kan gangaren? Hilario dai ba zai iya kallon idon Abundio ya ce a'a ba. Ta ɗinke labarin tsaf, ba inda ya yi saura. Ta ji tsoro, ta kuma ji wani ɗaci da ya fi tsoron, don Bartola ce.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko 'ya'yan da ta tara daga wata babbar macen chamal ta saman gangare, wadda ta yi shekaru ba ta haihu ba sai bana, ta ɗora tukunya. Da ta ga dahuwa ta yi nisa ta tsamo ta tsaga, ta kai bakin ƙofa ta ƙura ido, ta ga launi ɗaya. Ta sake, launi ɗaya. Ta niƙa ta ƙulla, ta bi gida-gida da kwando tana cewa ga ɗanɗano kafin biki, a ci a gaya wa jama'a ko hannun ya mutu. Ita ba ta ci ba. Ta ce wa kanta cikinta bai gama warwarewa daga gahawar bara ba.

Kowa ya karɓa hannu biyu, abin da ya dame ta ke nan. Godiyar ta yi yawa, ta kuma zo da wuri. Matar Melitón ta ce, "Kai, Doña, ƙamshin kaɗai ya isa," amma ba a ji ta kwance ganye ba. A gidan Bartola jikoki suka rugo da hannu a miƙe, Bartola ta ɗaga tamal ɗin sama ta ce sai sun wanke hannu, ta rataye can kusa da rufi. Washegari duk wanda ta gamu da shi sai ya ce bai taɓa cin mai daɗin wannan ba. Amma ba yaron da ya zo neman ƙari, alhali da har korar su take yi. Ta bi bayan gidaje tana tona shara da sanda, ba ta sami ganyen tamal ko ɗaya ba. Mutum ya ci tamal ya haɗiye har da ganyen?

Wanda ya saba binne abu ya san inda ake binnewa. Da hantsi, da ta ji Bartola ta tafi rafi, ta zagaya ta sauka kwazazzabon bayan gidan tana dafa duwatsu. Ta ci karo da wani tarin duwatsu da ba ruwa ne ya tara su ba. Ta ture na sama, ta zura hannu. Yatsunta suka faɗa kan ƙulli biyu da wutsiya a karkace. Ta ciro, ta sake zurawa, ta sake cirowa. Sun fi ƙarfin rabon gidan Bartola. Na garin ne kaf aka tattaro aka danne, ko ɗaya ba a kwance ba. Ta zauna a ƙasa ta tara su a cinya, ta daɗe a haka ƙudaje na bin ta.

Bartola ta dawo daga rafi ta tarar da ita zaune a bencin ƙofa. Petronila ta zazzage mayafinta, tamal suka gangaro har gaban ƙafar mai gidan.

"Komadre, ga ajiyarki. Na ga kin manta da ita a rami."

Bartola ta sauke tulu a hankali. Dariyar nan tata ba ta zo ba. "Wa ya kai ki kwazazzabo da wannan ƙafar taki? In kika karye fa?"

"Ai da kin huta. Me Abundio ya yi miki alkawari? Maraƙi?"

"Abundio? Ke dai Allah ya shirye ki. Ina ruwan Abundio da tukunya?"

"Har da dutse kika danne don kar a gani."

"Don kar aladu su ci na danne."

Maganar ta sauka mata kamar mari. "Abincina ne aladu ba za su ci ba?"

"Zauna, komadre."

"A zaune nake."

"To ki ji. Bara Genaro ya yi ta amai kamar zai fitar da hanjinsa. Mai gogen nan da ya zo daga hayi, a kan jaki aka mai da shi gida. 'Yar Melitón ma ya taɓa ta. Allah ya taƙaita, ba wanda ya mutu. Duk daga tukunyar coci."

"Gahawarki ce. Ni ma ta kwantar da ni."

"Gahawata?" Bartola ta riƙe haɓa. "Au, shi ya sa gindin bencina ya ƙi bushewa shekara guda? Ni ina ta zagin kare."

"In gaskiya ne, me ya hana a faɗa min?"

"Wa zai faɗa? Melitón ya taso tun a lokacin, ya kai ƙofarki ya koma. Ni na ce a ƙyale ki. Na ce a karɓa a gode, ai ba a kanki aka fara ba. Ke shekara nawa kina zuba nawa a tsagin dutse? Kina tsammani ban sani ba? Na sani sarai, ban kuwa fasa kawowa ba, don na san abin da ya sami Lino."

Kunya ta kama Petronila, nan take ta juya ta zama fushi, don fushin ta fi sanin yadda ake riƙe shi. Ramuwa ce ke nan, ta ce a ranta. Shekara da shekaru matar nan tana mata dariya tana ƙullace da ita.

"Akwai sauran dafaffen a gida," ta ce. "Taso ki nuna min abin da kika gani, in kin isa."

Suka tsallaka hanya, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Genaro yana gyaran shinge, ya ga irin tafiyar tasu ya sunkuyar da kai. A madafa Petronila ta buɗe ƙwaryar da ta rage ƙwayoyin da ba ta niƙa ba. Bartola ta zaɓi mai kauri ta tsaga da wuƙa, ta fito tsakar gida inda rana take, ta miƙa a tafin hannu.

"Ga ta nan."

Petronila ta sunkuya. Ta jawo hannun har numfashinta yana taɓa shi. Ta karkata kai ta gwada da gefen ido. Abu ne dai toka-toka a kan wani abu toka-toka.

"Babu komai."

"Farar cibiya ce, komadre, ta kai ƙwayar wake."

"Ƙarya kike."

Bartola ta tsaga wata. "Wannan ta dahu." Ta tsaga wata. "Wannan da saura."

A nan Petronila ta rasa mafita. In gaskiya Bartola take faɗi, to hannun da garin ke rantsuwa da shi ya mutu tun bara. In ƙarya take, to ta iya ƙarya, har da cewa wata ta dahu don a yarda da sauran. Ta nemi wanda za ta kira ya duba mata, ta bi gidajen garin ɗaya bayan ɗaya a ranta, ba ta sami mutum ɗaya da ba ta riga ta sa shi cikin maƙarƙashiyar ba.

Ta koma madafa ta jawo kwandon rabo, akwai 'yan saura a ciki. Ta ɗauki ɗaya ta fara kwancewa.

"Zan ci a gabanki. In na kwana lafiya, ki je ki gaya wa jama'arki tukunyar coci tawa ce."

"Kin ci tun da kika dafa?"

Yatsun Petronila suna ta fama da ƙullin, ya ƙi kwantuwa.

Bartola ta dube ta, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna da nishi, ta sa hannu a kwandon ta ɗauki nata.

"To mu ci. Ni dai na gaji. In kin ce hannunki lafiya lau yake, na yarda, ai ban taɓa cin abin da ya kai naki ba. Idona ne ya yi ƙarya."

"Ajiye. Ban ba ki ba."

"Yaushe na fara jiran sai kin ba ni?"

Wayo ne, in ji zuciyar Petronila. Za ta kai baki ta tsaya, jira take a hana ta. Ta kasa kunne. Ta ji ƙarar ganye ana buɗewa, ta ji ƙamshin ya taso, ta ga inuwar hannun nan mai kauri ta ɗaga, ba ta kuwa tsaya a hanya ba. Ta ji haƙori ya shiga.

Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta kai wa hannun duka, tamal ɗin ya yi tsalle ya faɗa cikin toka, ta cafki haɓar Bartola da busassun yatsun nan nata.

"Tofar. Tofar da shi, Bartola, kar ki haɗiye!"

Bartola ta tofar a tafin hannu. Petronila ba ta gamsu ba, ta sa yatsa ta ƙwaƙule mata baki yadda ake yi wa yaro, ta lalubo moɗa ta sa ta kurkure, ta sake sa ta. Garin sauri har ruwan yana zuba a ƙirjin Bartola.

Kaza ta leƙo za ta tsinci abin da ya faɗi, Petronila ta kore ta da ƙafa, ta tura tamal ɗin cikin garwashi.

"Ashe kin sani," in ji Bartola a hankali.

Petronila ta koma ta zauna a bakin murhu. Ta tuna gidajen da ta bi da kwando, da yaran da ke cikinsu. Duk garin ta tuhuma, mutum ɗaya ta tsallake, wato kanta, ita ce kuwa ta kai musu abin har ƙofa da ƙafarta.

"Ban sani ba," ta ce. "Ban dai ci ba."

Ta ɗago kai wajen da Bartola take.

"Ko fuskarki ba na gani sosai, komadre. Tun bara da murya nake gane ki."

Bartola tana ta goge ƙirji da gefen mayafi, tana jan hanci. Petronila ta miƙe ta bi bango da hannu har ta taɓo muciyar tukunyar coci inda take rataye, doguwa, ta yi baƙi ta yi santsi daidai wurin riƙonta. Ta sauke ta miƙa.

"Mafi kauri za ki riƙa zaɓa. Ki tona daga gindin tukunya, ba daga sama ba."

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Na san ki, hira za ta ɗauke miki hankali."

Bartola ta kama ɗaya gefen ta ja. Petronila ba ta saki ba sai da aka ja na biyu.